Jirgin da Na Ajiye a Fakon Baba

Jirgin na mutum biyu ne, fari mai ratsin ja, kuma ya sha jiki kafin ya zo hannuna. A Kano na saye shi wurin wani Bature mai aikin safiyo, wato awon ƙasa, da zai koma ƙasarsu. Lokacin kuɗin mai sun shigo, kwangila ta buɗe, ni kuma ina haƙa rijiyoyi da gina azuzuwan firamare a ƙasar Daura. Abokaina suna ta sayen manyan motoci, ni kuwa tun ina yaro in jirgi ya gifta sai na bi shi da ido har ya ɓace. Duk ƙarshen mako ina Kano wurin koyon tuƙi, har Allah ya sa na sami lasin.

Sai da na saya sannan na fara tunanin inda zan sauke shi. Mahaifina yana da wani fako a hanyar Mai'adua, dogo, shimfiɗaɗɗe, ko ciyawa ba ta son fitowa a kansa. Baba falken shanu ne, ya sha kora su da ƙafa har Ikko, kuma da yake ni ne ɗansa na fari bai taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa na gaya masa buƙatata.

Ya ce, "Kai wannan, abin naka zai taɓa mini gero?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To ɗauki fakon. Amma kada ka sa rai zan shiga."

Na kawo gireda ta baje wurin, hukuma ta turo aka duba aka yarda. Ranar da na taso da shi daga Kano ni kaɗai, waƙa nake yi da ƙarfi kamar wanda ya zautu. Da na hango garinmu, soraye da kasuwa da bishiyar tsamiyar ƙofar gidanmu, sai na ji ƙwalla ta zo mini. Na zaga garin, na sake zagawa don daɗi kawai. Kafin taya ta taɓa ƙasa mutane sun cika bakin fakon, wasu a keke, wasu da fartanya a kafaɗa. Wata tsohuwa ta shafa fiffiken ta ce ashe ba gashi.

Daga nan aiki ya fara, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Babban gyara sai injiniya a Kano, amma wanki da duba baƙin mai da goge filogi nawa ne. Mai a durom nake kawo shi, in tace shi da fata kafin in zuba. Kullum da safe sai na tsiyayi kaɗan a kwalba na ɗaga sama, ko ruwa ya shiga. Wani abokina Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha shi ya haɗa mini rumfar kwano, ya kewaye ta da waya, saboda shanun makiyaya sun gano cewa jelar jirgi wurin susa ce mai kyau.

Abin da ya kusa kunyata ni kuwa zanzaro ne. Wata safiya na taho a guje zan tashi, na duba allurar da ke nuna gudu, na ga ko motsi ba ta yi. Na rage wuta na taka birki, na tsaya daf da gonar gero. Muka bincika da abokin nan nawa, sai ga laka cunkushe a ɗan bututun da ke ƙarƙashin fiffike, wanda iska ke shiga ta motsa allurar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, ka sami ɗan haya!" Matata ta ɗinka wa bututun hula da guntun atamfa, ta sa mata jan zare mai tsawo don kada in manta in cire.

Da damina ta yi nisa, garken Baba ya ɓace. Bafulatanin da ke kiwonsa ya kamata ya iso wata mashaya wajen Zango, bai iso ba. An tura masu doki sun dawo ba labari, aka fara raɗe-raɗin ɓarayi. Ina goge gilashi da hantsi sai na ga Baba ya tsaya bakin rumfa da sandarsa.

Ya ce, "Daga sama ana ganin saniya?"

Na ce, "Har akuya ana gani, Baba."

Ya jingine sandar a jikin waya ya ce, "Buɗe."

Cike da murna na ɗaura masa bel. Ya naɗe babbar rigarsa a cinya, ya runtse ido, ya kama jan carbi. Muka ɗaga. Da jirgin ya daidaita, sai na ɗaga murya saboda ƙarar inji na ce, "Baba, ga gonarka can."

Ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe ɗayan. Ƙasa ta yi kore shar, tafkuna suna ƙyalli ko'ina. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Ikon Allah. Wancan ai burtalin da muke bi ne!" Ya manta da tsoro. Ya shiga nuna mini da carbin: bi nan, karkata can, ga kukar da muke yada zango, ga rijiyar da raƙumi ya taɓa faɗawa. Hanyar da ya sha bi da ƙafa, rana tana dukansa, yau tana wucewa ƙarƙashinsa kafin ya gama ba da labarinta.

Bayan wasu duwatsu muka hango su. Korama ta cika ta tare musu hanya, makiyayin ya koma da su kan tudu inda ciyawa take. Na sauko ƙasa-ƙasa na zaga.

Baba ya daki kafaɗata ya ce, "Su ne! Ga jan bijimin nan mai karkataccen ƙaho!" Ya tura tagar ya leƙa, iska ta kusa tafiya da hularsa, ya shiga ƙwala wa makiyayin kira yana tambayarsa lafiyar shanu. Mutumin yana can ƙasa ya ɗaga malafarsa yana kallonmu, shanun kuma sun fara watsewa. Dole na haura sama, ina dariya har hawaye.

Saukar da na yi ranar ba ta yi kyau ba, jirgin ya yi tsalle kafin ya zauna. Baba ya fito, ya gyara rigarsa, ya ce jakinsa ma ya fi wannan iya tsayawa. Nan take ya aika mutum a babur da gishiri da tsaba, ya kwatanta masa wurin dalla-dalla. Da korama ta janye garken ya iso, ba ko ɗaya da ta yi ciwon kai.

Da yamma ina wucewa ta zaure na ji Baba yana gaya wa abokansa cewa yaron nan ya iya tuƙi ba laifi, amma hanya shi ya nuna masa. Washegari ina tace mai sai ga shi tafe da limamin unguwarmu, tsoho tukuf, yana riƙe da hannunsa.

Ya ce, "Kai wannan, Malam yana son ganin garin Baure daga sama. Ka bi da shi a hankali, bai saba ba."