Zuwa Kontagora Saboda Harafi Ɗaya

Asubar Alhamis ta same mu a tashar Zuru, ni da abokin aikina, muna jiran motar Kontagora ta cika. Na kasa zama. Ranar Asabar za a binne wani tsohon soja, kuma ɗan shagonmu na buga takardu ne zai yi littafin jana'izar. Sunan marigayin da Ɗ ya fara, amma manhajar da muka harhaɗa a kwamfutarmu mai aiki da tsarin Linux sai ta riƙa sa ɗan akwati a gurbin harafin. Da matar marigayin ta gani, cewa ta yi, "Ɗana, a soja ma ba su taɓa rubuta sunansa daidai ba. Ku dai ku gyara."

Mun gano inda matsalar take. Manhajar ta zo da nata laburare, wato guntun da ke zana haruffa, tsohon yayi ne, bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Intanet ɗin garinmu ta kwana uku a kwance, shi ya sa muka fita neman sabo.

Damina ta cinye hanya. Direba yana kauce wa rami ɗaya ya faɗa biyu, ga kuɗin mota an ƙara. A Rijau ya tsaya ɗaukar buhunan dawa kamar ba zai tashi ba. Abokina ya sha kunu da ƙosai hankali kwance, ni kuwa agogo kawai nake dubawa.

Shagon intanet ɗin da muka samu a Kontagora, wata mata ce mai shi. Sau biyu saukar da sabon laburaren daga intanet tana kusa da ƙarewa ana ɗauke wuta. Ganin yadda nake kai da komowa, ta zo ta tambayi abin da muke nema. Na yi mata bayani, na nuna mata faifan da muka girka Linux da shi. Ta sa a kwamfutarta, ta duba.

"Malam, ai sabon yana cikin wannan faifan," in ji ta. "Manhajar ce ta manne wa tsohon da ta zo da shi. Ku cire shi, ku sake harhaɗawa, ku nuna mata sabon da faifan ya riga ya sa a kwamfutarku."

Abokina ya kalle ni, na kalli faifan. Tun daga Zuru yake cikin jakata.

A hanyar dawowa ban yarda ba tukuna, ina ta saƙa abin da zai iya lalacewa. Da safiyar Juma'a muka cire tsohon, muka sake harhaɗawa. Manhajar ta tsaya sau ɗaya, muka gyara layi guda, ta wuce. Kafin la'asar littattafan sun fito, sunan ya zauna daidai.

Tun daga ranar, duk manhajar da zan girka sai na fara buɗe ta na ga tsofaffin kayan da ta ɗauko. Kuma kafin in nufi tasha, sai na zazzage jakata.