Allin da Ke Bayan Ƙofar Tela

Shekara arba'in telan layinmu yana taka keken ɗinki, har gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Likitoci suka sa masa ta ƙarfe. Rauni ya warke, amma ciwo ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Shekara biyu keken na lulluɓe da tsohon zane, ɗansa har ya fara neman mai saye.

Sai likita ta zo da dabara: siririyar waya kusa da jijiyar gwiwa, da 'yar na'ura mai tura lantarki kaɗan-kaɗan don ta danne ciwon. Gwajin mako ɗaya ne. In ciwo ya ragu da rabi, a dasa ta dindindin.

Ranar farko Tela ya fito ƙofar gida yana dariya shi kaɗai. "Tururuwa ke min tausa," in ji shi. Maƙwabta suka ce ya matso su yi cajin waya a jikinsa. Kwana uku, ya zaga layi ba sanda, yana gaida har waɗanda ba ya shiri da su.

Bakinsa ne matsalar. Ko mota ta taka Tela, "da sauƙi" zai ce. Kafin gwaji likita ta ce ya auna ciwon daga ɗaya zuwa goma, ya ce huɗu, don kada a ce yana da raki. Bayan mako ya ce uku.

"Baba, daga huɗu zuwa uku bai kai rabi ba," in ji likita. "Sai dai mu cire."

Dariya ta ƙafe. A zuci Tela ya hango kekensa a bayan motar mai saye.

Matarsa ta zaro waya, ta nuna hoton bayan ƙofar ɗakinsu. Ashe tun da ya musa mata cewa yana nishi, duk "wash" ɗin da ya yi sai ta ja layi da allin ɗinkinsa. Makon da ya gabaci gwaji ƙofa ta yi fari fat. Na wannan mako layi biyar ne.

"Biyu ma ba gwiwa ba ce, shayi ne ya ƙona shi," in ji matar. "Ga shi nan. Malam, faɗa mata gaskiya."

Tela ya sosa ƙeya. "Likita, lissafin naku a goma ya tsaya? Kafin gwaji sha biyu ne."

Aka dasa. Ranar da mai sayen keke ya zo, ya tarar da feda na gudu. Da ya ga ba ciniki, sai ya bar wandonsa a rage masa tsawo.