Kaurar Baba Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba Iro, ƙanen mahaifina, manomin Mabai da bai taɓa yarda cewa shuka ba ta da wayo ba. Allah Ya jiƙansa. Na zauna in rubuta alhini, sai dariya ke ta zuwa mini, don haka masu karatu ku yi mini uzuri.

Shekarar da na yi aure aka yankar mini gayauna, wato 'yar gonar kaina. Lokacin kowa a gidanmu ya koma masara. Sai Baba ya sauko da ɗan damin dawa kaura da ke rataye a ɗakinsa, irin da kakanmu ya bari, ya ce in shuka. Ko zangarniya ɗaya bai rage ba. In ta lalace a hannuna, irin gidanmu ya ƙare ke nan.

Ta tsiro lafiya, ta kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Na je gona da azahar na tarar ganyen ya nannaɗe kamar tabarma, ya yi toka-toka. Maƙwabta sun fara sare masararsu da ta ƙone don su sa wake in ruwa ya dawo, ni ma na koma gida na saɓo hauya, ina ji da kaina wai na yi dabara. Baba ya tare ni a bakin zaure.

"Kai ɗan nan, mi za ka yi da hauya cikin wagga rana?"

"Baba, dawar ta mutu."

"Wa ya ce maka? Aje ta. Gobe in mun yi sallar asuba mu tahi tare."

Da muka isa, sai ga ganye ya warware shar, raɓa na ɗiga. Ya ce in ja ganyen tsakiya, na ja, ya ƙi fitowa. Ya tona gindin guda da sandarsa ya nuna mini yadda saiwa ta nutsa ƙasa neman danshi. Ya ce dawa in ta ji ƙishi naɗe ganye take don kada rana ta shanye mata ruwan jiki, ta daina girma, ta zauna jira. "Kai ma ran da azumi ya kama ka, ka shige inuwa ka kama bakinka, rami muke haƙa maka?" Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauko, kaura ta miƙe kamar ba ita ba. Har ya bar duniya, in ya hango ni da hauya sai ya ɗaga murya: "Jama'a, ku ɓoye masu barci!"

Nakan tambayi kaina me zai ce da noman yau. Wayar hannu ke gaya mana ranar da ruwa zai sauka, ga sabon iri mai saurin nuna. Na san zai yaba, don ba mai ƙin sabon abu ba ne, amma sai ya tambayi irin ko ya iya jira. Abin da ban so ya gani ba shi ne shekarun da gona ta gagari zuwa saboda rashin tsaro, muka komo Ƙanƙara, kaurar ta salwanta a hannuna. Wannan ya daɗe yana cin raina.

Ashe Baba ya riga ni shiri. Tun daga girbin waccan shekarar, duk baƙon da ya zo daga Faskari ko Sabuwa, sai ya cika masa aljihu da iri. Bana, gab da damina, ina ratsa kasuwar Ƙanƙara wani dattijo mai hatsi daga Sabuwa ya kira ni.

"Malam, zo ka ga kaurar Iro, ba ta jin fari."

Na ce, "Baba, wane ne Iro?"

"Oho. An ce wani tsoho ne a Mabai da ke hira da dawa."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, sannan na gaya masa ko ni wane ne. Ya dube ni, ya ture kuɗin da na miƙa, ya ce in cire hulata.

"Kayan gidanku ne," in ji shi, ya cika ta har tana zuba.