Talatar da Na Zauna a Ƙofar Jikata

Shekarar da jikata ta fara koyon yaren Sifaniya a waya, gidanmu na Zuru ya koma aji. Ni ban taɓa zama gaban allo ba, amma ina da C'lela, ina da Hausa, ina da Turancin bariki da na tsinta wajen marigayi mijina soja. Ba wanda ya taɓa ba ni takarda a kansu.

Aiki ta samo, wai kula da tsofaffi a can ƙasar Sifaniya. Na Zuru kam ai sun ƙare. Sharaɗin ɗaya ne: wata mata za ta kira ta ranar Talata ƙarfe takwas na safe, ta ji ko za ta iya faɗin yadda take yininta da yarensu. In ta iya, sai tafiya. In ba ta ɗauki waya ba, a ba wata.

Sati uku tana zagaya tsakar gida tana "me lebanto, me labo," kaji na kallonta.

Na ce, "Ke ƙawata, me kike shirin gaya wa mutane?"

"Kaka, cewa nake ina tashin kaina da asuba, in wanke jikina, in gyara gashina da kaina."

"Da kanki? A wane gida?"

"Haka ake faɗa a yaren, Kaka."

"To yaren bai san ki ba."

Yarinyar nan, tun da uwarta ta yaye ta ta kawo mini, ban taɓa ganin ta farka ba sai na ja babban yatsan ƙafarta. A gidanmu ba a tayar da mai barci da ihu, ƙafa ake ja a hankali, haka uwata ta yi mini a garinmu Manga. Wayarta tana da ƙararrawa, ta yi ta kuka har tunkiya ta amsa, ita ko juyi. Ruwan wanka ni ke ɗorawa. Kitso ma ni.

Ranar Talata na yi shara, na dama kunu. Ƙararrawa ta yi kukanta ta gaji. Na kife turmi a bakin ƙofarta na zauna, na ce bari mu ga mai tashin kanta. Rana ta hau katanga. Rediyon maƙwabci ya ce bakwai da rabi ta wuce. Sai zuciyata ta ce mini: ƙara zama kaɗan mana. Ai ita ta ce tana iyawa. In takwas ta wuce, sai ta zauna nan tare da ke iya shekarun da suka rage miki, kuma ba mai cewa kin yi wani abu, tunda ba ki yi komai ba.

Na daɗe ina kallon ƙafar nan da ta leƙo daga zane. Sannan na ja yatsan, da ƙarfin da ban taɓa ja ba.

Ta amsa wayar ko fuska ba ta wanke ba, ɗankwalina a kanta, tana tabbatar wa baiwar Allah cewa ta yi wanka tun asuba. Aka ɗauke ta.

Yanzu tana can tana tayar da tsohuwar wasu. Ta ce mini ƙafa take ja mata, wai tsohuwar har ta saba. Madalla, ta ji daɗinta.

Ni kuwa ina tashin kaina, in ɗora ruwan mutum ɗaya, in cuɗa bayana iya inda hannu ya kai. Da matar nan za ta kira ni, da na ci jarrabawarta ba tare da ƙarya ko ɗaya ba.