Kifayen Malam Sabitu a Motar Labaran

A tashar Dutsin-Ma kowa ya san Labaran da a-kori-kurarsa mai shuɗin baya. Shekara da shekaru yana ɗaukar gero da wake daga Karofi, ranar kasuwar Kurfi kuma awaki da tumaki. Mutum ne mai gudu a hanya, har abokan aikinsa kan ce buhu ne kaɗai ke iya jure tuƙinsa. Kifi kuwa bai san shi ba sai soyayye, da yaji, a bakin tasha.

Mardiya 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce. Mijinta Malam Sabitu ya rasu a Kaduna, inda yake aiki, aka kulle gidan cikin ruɗu, aka kawo ta gidan surukarta Hajiya Rekiya a Kurfi ta yi takaba. Bayan kusan wata guda aka nemi Labaran ya je kwaso kaya tare da Atiku, ƙanen mamacin. Da safe, suna shirin tashi, sai ta kira shi daga bayan labule.

"Yaya Labaran, akwai kifaye a falo, cikin akwatin gilashi. Nashi ne."

"Kifaye? Wa ke ba su abinci?"

Ta ce, "Ba kowa. Ana zaman makoki, ta yaya zan buɗe baki in yi maganar kifi? Kullum da su nake kwana a raina. In da mai rai, don Allah ka kawo mani."

Da suka buɗe falon, wari ne ya fara tarbarsu. Labaran ya tsaya a bakin ƙofa yana salati. Ruwan ya koma kore shar kamar na tsohon kududdufi, ya ƙafe har rabi, matattu sun taso sun yi fari. Ya matsa ya leƙa, sai ya ga wani abu ja ya gifta a ƙasa, wani ya bi shi. Huɗu ne, sun rame, sai kai da ido.

"Zubar da ƙazantar nan mu ɗauki gilashin," in ji Atiku.

"Wanga abu rai gare shi, Atiku. Kuma amana aka ba ni."

Ya kwashe su da kofi, ya sa a bokiti da ɗan ruwansu, ya ƙara na randar maƙwabta. Ya ɗora bokitin a gaba, tsakanin ƙafafun Atiku. Ranar aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Labaran na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har tirela na matsa masa ham.

Bayan Zariya rana ta ƙwalle, gaban motar ya ɗauki zafin inji. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Labaran ya tuna abin da ake yi wa zoɓo da kunun aya in sun ɗumama, ya tsaya ya sayi ƙanƙara, ya jefa dunƙule guda a bokitin. Kafin ya tada mota, ɗaya ya juya ciki sama.

"Innalillahi! Atiku, na kashe shi!"

"Direba, ka mai da kifi zoɓo," in ji Atiku, amma shi ma ya tsoma hannu da sauri ya fidda ƙanƙarar.

Labaran ya ja mota a hankali har Funtuwa. Can ya ga masu tukwane a gefen titi, ya sayi tulu mai faɗin baki, ya juye sauran ukun ciki, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Atiku ya rungume tulun a cinya, kowane rami sai ya ce, "A hankali, malam." Suka wuce Dutsin-Ma ba su tsaya ba, 'yan tasha na ɗaga hannu suna tambaya ko motar ce ta lalace.

Dab da magariba suka isa Kurfi. Hajiya Rekiya ta leƙa tulun, ta riƙe haɓa.

"Mi ne ne wannan? Tun daga Kaduna? Ai ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba!"

Muryar Mardiya ta fito daga ɗaki, a hankali. "Yaya, akwai mai baƙin tabo a wutsiya? Shi ya fara saye. In ya dawo aiki shi yake fara dubawa."

Labaran bai kula da wutsiyar wanda ya mutu ba. Ya karɓi farin kwano, ya karkata tulun, ruwa na zuba. Ɗaya ya fito, ja. Na biyu, ja. Na uku ya faɗo ya kewaya, da baƙin tabo kamar an ɗiga tawada.

Ya tura kwanon ƙarƙashin labule. Sai aka ji kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Hajiya Rekiya ta daɗe tsaye. Ba ta taɓa sanin ɗanta na kiwon kifi ba. Ta ɗaga labulen, ta durƙusa kusa da kwanon, ta ce, "Mardiya, mi yake ba su su ci?"