Batirin da Na Zaɓa wa Inna

Na kusa fasa ba da labarin nan. Ni mutum ne mai son ba da labarin da zan fito a cikinsa da wayo, irin na ranar da na kwana a tashar Agadas ko yadda na yi ciniki da wani Balarabe a Jidda ba tare da na iya Larabci ba. Wannan kuwa ba haka na fito ba. Amma ya zauna min a ƙirji, gara in sauke shi.

Gidanmu a Talata Mafara yana can ƙasan gari, inda sabis ɗin waya ba ya son sauka. In kana son yin kira sai ka hau babur ka fita bakin titi. Shi ya sa a wata dawowa da na yi daga Legas na zo wa Inna, mahaifiyata, da rauta, ɗan akwatin nan mai kawo intanet, na sa aka kafa masa eriya a kan dogon ƙarfe bayan ɗakinta. Da shi take ganin jikokinta na nesa a kiran bidiyo. Matsalarsa ɗaya ce, da an ɗauke wuta sai ya mutu. Wuta kuwa a unguwarmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce.

Ranar wata Talata na shiga kasuwa neman batirin da zai riƙe shi. Mai shagon ya jera min guda uku a kan tebur. Na farko kamar sandar sabulu, na biyu kamar burodi, na uku kuwa sai an ɗauko shi da hannu biyu, ga faifan sola a haɗe.

Ya ce, "Alhaji, hirar gidanku tana da tsawo?"

Na yi dariya na ce, "Malam, ni da kake gani na yi waya daga ƙasa bakwai. Ban taɓa wuce minti goma ba."

"Ƙaramin ba ya kai awa guda fa."

"Awa guda ai wa'azi ne."

Gaskiyar magana, ƙaramin ya burge ni ne don zai shiga aljihun jakata in tafiya ta taso. Da kaina na auna, ban auna da gidanmu ba. Na kawo shi na jona, fitilu huɗu 'yan ƙanana suka kama a jikinsa, na yi wa Inna bayani kamar ni na ƙera shi. Ta dube shi ta ce, "Wanga ɗan abin?" Na ce ai aikin zamani ba a girma yake ba.

To, Inna tana da ƙane guda, Kawu, mai sana'ar shanu a Dakko ta ƙasar Bakura. Shekara goma sha ɗaya ba su zauna sun yi magana ba. Tsamiyar da mahaifinsu ya dasa a tsakar gidan gado ce Kawu ya sa aka sare don ya ƙara ɗaki, bai shawarce ta ba. Tun daga ranar Inna ba ta sake taka Dakko ba. Ba su yi faɗa a gaban kowa ba. Da salla yakan aiko da cinyar rago, ta ce a gode masa, ta rabar wa maƙwabta.

Sai ciwon zuciya ya kama Kawu, babban ɗansa ya kai shi Masar. Wata Laraba ɗan ya aiko min da saƙo cewa gobe da hantsi za a shiga da shi aiki, likitoci ba su ɓoye musu cewa aikin mai nauyi ba ne, kuma Kawu ya ce yana son ganin yayarsa a kiran bidiyo kafin a karɓe masa waya. Na gaya wa Inna. Ta ce, "To. Ina da magana da shi."

Ƙaramin batirin ne kuskurena na farko. Na biyu, na gaya wa Goggo, ƙanwar mahaifina. Goggo ba ta riƙe labari, kiwonsa take yi ya hayayyafa. Kafin hantsin Alhamis tsakar gidanmu ta cika. Mutanen garin Morai sun zo, an zo daga Tsibiri ta ƙasar Maradun, ga limamin unguwa, ga Baffa yayan mahaifina, ga wani tsohon abokin Kawu na kasuwar shanu da sandarsa. Wuta kuwa tun jiya da rana ba a kawo ba. Batirin dai cike yake, na bar shi a kashe sai da lokaci ya yi.

Inna ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfa, ta turara mayafinta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ban taɓa ganin ta yi wa waya kwalliya ba.

Kira ya shigo. Ga Kawu a kan farin gado, ya rame, an sa masa wata riga marar wuya. Na nufi Inna da wayar, sai ta ɗaga hannu.

"Kai wa liman tukuna."

Liman ya karɓa da hannu biyu. Ya yi sallama, ya tambayi jiki, ya tambayi baƙunta, ya tambayi mutanen Masar baki ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kowa ya bi da amin. Addu'a ce mai kyau ƙwarai. Da ya shafa na waiwayi batirin, fitila uku.

Baffa ya karɓa. Shi kunnensa ya yi nauyi, don haka kowace gaisuwa sau biyu ake yin ta.

"Ina kwana? Lahiya lau? Ina gajiya? Na ce ina gajiya! Yaya iyali? A'a, iyalin suna nan wurinmu ashe. To yaya abincinsu, ana samun tuwo?"

Kawu yana amsawa a hankali, yana murmushi. A tsakiyar amsar na ji ya ce, "Yaya tana nan kuwa?"

"Tana nan, tana nan, ga ta can zaune," in ji Baffa, ya ci gaba da tambayar ko ana ruwa a Masar.

Na durƙusa kusa da Inna na yi ƙasa da murya. "Inna, batirin ba zai kai ba. Ki karɓa yanzu."

"Baƙi na zaune cikin gidana in riga su? Kai dai yawo ya ɓata ka."

"Minti biyu kawai."

"Maganata ba ta minti biyu ba ce. Bari su gama."

Na tsaya a tsakiyar gidan da hannuwa a baya. Na taɓa raba rigimar direbobi a iyakar Kwatano, amma ban san yadda ake karɓe waya daga hannun dattijo yana tsakiyar gaisuwa ba. Ba a koya mana ba. Abokin kasuwa ya karɓa, ya ba Kawu labarin wani jan bijimi da ya tsinke igiya ranar kasuwa, har Kawu ya yi dariya ya dafe ƙirji. Fitila biyu. Mutanen Morai su uku ne, kowanne ya ce shi gaisuwa kawai zai yi, kuma gaisuwar kawai ya yi, cikakkiya. Na yi gyaran murya, na duba agogo yadda kowa zai gani. Wani ya ce min, "Alhaji, ko kana da tahiya ne?" Fitila ɗaya.

Da waya ta iso wurin mata, Goggo ta fara kuka tun kafin ta yi sallama. A nan na yi ƙarfin hali na ce, "Goggo, don Allah." Ta harare ni, ta share hawaye, ta miƙa wa Inna.

Inna ta gyara mayafi. Ta riƙe wayar nesa da fuska yadda take yi. Ta ce, "Kai. Yaya jikin?"

Kawu ya buɗe baki, hoton ya tsaya a haka. Fitilar ƙarshe ta mutu.

Inna ba ta gane ba. Tana kallon fuskarsa tana jira, ta ɗauka shiru ya yi don kunya. Ta ce, "Ina jin ka." Sai da na taɓa hannunta na ce wutar ce.

Na ruga gidan maƙwabci, janaretansa ba mai. Wani ya ce a ciro batirin babur, aka ciro, bakin wayar rautar bai shiga ba, muka tsaya mu huɗu muna jujjuya shi. Inna kuwa gwiwoyinta ba sa barin ta hau babur, mota kuma ba ta shiga lungunmu. Na mayar wa babur ɗin batirinsa, na hau ni kaɗai na fita bakin titi.

Da ƙyar kira ya shiga, murya kawai, tana yankewa. Ɗan Kawu ya ce ga su nan ana tura gadon, in yi sauri, zai kara masa wayar a kunne. Ban zo da saƙon kowa ba. Na faɗi abin da na ɗauka shi ne saƙon.

"Kawu, Inna ta ce in gaya maka ta yafe maka maganar tsamiya."

Na ji numfashinsa. Can ya ce, "To. Madalla. Allah shi yafe muna baki ɗai." Sai kiran ya yanke.

Kawu bai farfaɗo daga aikin ba. Ranar Asabar ya rasu, a can aka yi masa sutura. Talatar da ta biyo baya na koma shagon na ɗauko babban, mai sola. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya taya ni ɗaure shi a bayan babur. Yana nan a ɗakin Inna har yau, bai taɓa mutuwa ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata la'asar na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa. Na zauna na gaya mata abin da na yi a bakin titi, da abin da Kawu ya amsa. Na zaci zai sanyaya mata rai. Ta ajiye faifan a gefe, ta daɗe tana dubana, ba fushi a fuskarta.

Ta ce, "Kai, wa ya ce maka ni ce mai yafewa? Ni ce na so in roƙe shi gafara."