Akwatin da Ya Shiga Jaka

Na fito daga kicin da tiren abinci na tarar da kwali uku jere a kan tabarmar tsakar gida. Kwalayen taliya ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Maraɗi, amma an yanyanka su an sake haɗawa da salatif, kowanne da girmansa. Na farko ya kusa kai mini gwiwa. Na biyu bai kai shi ba. Na ukun ɗan ƙarami ne, kamar an ɗora kwalin takalmi a kan wani. Maigidana yana durƙushe a gabansu da awon tela rataye a wuya, awon nawa ma, wanda na kwana biyu ina nema.

"Madam, aje abincin nan ki zo ki taya ni zaɓe," in ji shi.

Madam yake ce mini tun kafin aure, irin ta mutanen can. Ɗan Maraɗi ne, ya zo Jibiya yana saurayi tare da kawunsa direba, ya zauna, ya kafa rumfar gyaran waya a Magama, kusa da inda manyan motoci ke jiran a duba takardunsu su tsallaka. A can na fara ganinsa, ranar da gilashin wayata ya fashe. A littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa saurayi yakan iso ne cikin mota mai baƙin gilashi, ƙamshinsa ya riga shi sallama. Nawa na same shi da ɗan sukundireba a bayan kunne, yana hura wa wayar wani ɗan dako iska. Ban ga wani bambanci ba. Na koma gida na kasa cin tuwo, daidai yadda littafi ya ce za a yi.

Abu ɗaya yake so a duniya bayan ni, ko kuma tare da ni, ban taɓa matsa wa tambayar ba: ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Ordinata yake ce mata. Tun yana yaro ya ga wani wasa a wani shago a Maraɗi, inda mutum ke tuƙa babbar mota a titunan ƙasashen Turai, ruwa na zuba, bishiyoyi na wucewa. Bai manta ba. Ya daɗe yana tara kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, yawanci na hannu, wani daga Kano wani daga can ƙetare, yana naɗe su a tsofaffin zannuwana a ƙasan wadirob. Saura akwatin da za a zuba su. Babu shi a Jibiya, babu a Katsina, sai dai wani abokinsa a Kano ya yi masa oda, kuma in ya zo ya zo ke nan, ba a mayarwa. Shi ya sa ya karanta tsawo da faɗin kowanne a waya, ya yanka kwali daidai da su don ya gani da idonsa.

Ya nuna mini hotunan. Babban yana da gilashi a gefe ɗaya, ana hango cikinsa, fankoki suna juyawa da fitilu shuɗi da ja. Nan take na ga ɗakinmu: akwatin a kan teburi kusa da madubina, haskensa a bango, ni na jingina da kafaɗarsa yana tuƙi. Na dafa babban kwalin na ce, "Wannan."

Ya yi dariya. "Na sani. Ke dai in abu na walƙiya an gama da ke."

"To me za ka yi da wancan ɗan tsugul ɗin? Ko buta ba zai ɗauka ba."

"Shi ma yana da nashi kyau," ya ce, ya ɗauke shi ya juya a hannu. Ya daɗe yana juya shi. Abincin ya huce.

A lokacin an riga an rufe boda. Da farko motoci sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, shi kuma yana samun aiki fiye da da, don mai jira ba shi da abin yi sai latsa waya. Daga baya layin ya watse. 'Yan dako suka koma ƙauyukansu, wasu Daddara wasu Farfaru, masu abinci suka kife tukwane. Ya fara dawowa gida kafin la'asar. Ba ya ƙorafi. Sai ya zauna da kwalayen nan, ya fito da kayan daga zannuwa, ya gwada wannan a nan, ya gwada a can. Ni kuwa daɗi nake ji, mijina yana gida da rana.

Yayata ce ta fara ɓata mini. Ta zo wuni, ta ga kwalayen a gefen ɗaki, na yi mata bayani da alfahari. Ta taɓa babban da ƙafa, ta ɗauki ƙaramin ta saƙale a hammata kamar mai shirin fita unguwa.

"Wanne ya fi so?"

"Bai yanke ba tukuna."

"Ke dai wanne ya fi ɗauka?"

Na dubi ƙaramin da ke hammatarta.

"Uhm," ta ce. "Ki ci gaba da karatun littafi, 'yar gari. Namiji ba aiki, yana neman abin da hannu ɗaya ke ɗauka, ke kina nan kina zaɓen fitila."

Na ce mata ita ba ta san soyayya ba, mijinta ko sunan turare bai sani ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san inda zai kwana wata mai zuwa. Muka yi dariya, na raka ta bakin ƙofa. Bayan kwana kaɗan ina share ƙarƙashin gado na jawo baƙar jakarsa ta goyo, wadda ya zo da ita daga Maraɗi. Na ji ta a cike amma ba nauyi. Na zuge. Ƙaramin kwalin ne a ciki, zaune daram, an cusa riguna biyu a gefensa don a ga ko zik zai rufe. Ya rufe.

Na mayar da ita yadda na same ta. Na zauna a bakin gado da tsintsiya a hannu. A littafi, a nan ne matar za ta yi kwalliya ta tare shi da hawaye, ta yi magana mai tsawon shafi biyu, shi kuma ya durƙusa ya rantse ba zai taɓa barin ta ba. Na gwada haɗa maganar a raina. Duk inda na fara sai ta tsaya a wuri guda: in ya zauna, me zai yi? Don haka na kama abin da nake ganin zan iya, wato akwatin. Na sa a raina cewa in babban ya shigo gidan nan, ba jakar da za ta ɗauke shi, kuma ba zai tafi ya bar shi ba.

Na ajiye littattafaina na koma kallon bidiyon masu haɗa kwamfuta a waya. Turancinsu na gudu, amma ina tsayarwa ina komawa baya. Na gane cewa kayan ciki zafi suke yi kamar dutsen guga, kuma ƙaramin akwati ba ya barin iska ta zaga. Na gane cewa katin da ke zana hoton wasan, wanda ya fi ji da shi a duk kayansa, dogo ne. Na ɗauki awona na auna shi a ɓoye, na auna ƙaramin kwalin. Katin ya fi shi tsawo da kusan gaɓar yatsa. Ranar na yi girki ina waƙa.

Da ya dawo na bari ya ci ya sha ruwa, sannan na ce, "Yallaɓai, ka san katinka ba zai shiga ƙaramin nan ba?"

Ya ɗago. "Wa ya gaya miki?"

"Na auna. Kuma ko ya shiga, fanka ɗaya ce a ciki. A zafin Jibiya, watan azumi ya faɗo a bazara, ai dafuwa zai yi. Babban yana shaƙar iska ta gaba ya fitar ta baya da sama. Sannan abin ba da wutar da ka saya ma babba ne, sai ka canja shi."

Ya ajiye cokali yana kallona, bakinsa a buɗe. "Ikon Allah. Yaushe kinka zama injiniya ban sani ba?"

"Kai dai gaskiya na faɗa ko ƙarya?"

"Gaskiya ce tsantsa. Wallahi ko abokina na Kano bai yi mini bayani haka ba." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce gobe zai ba ni rumfar in riƙe. Na ji kamar na ci nasara. Sai dariyar ta sauka a hankali, ya ce, "Katin na riga na yi magana da wani, zai karɓa ya ba ni gajere. Bai kai wannan ƙarfi ba, amma zai yi."

Katin da ya fi shekara yana nema. Wanda ranar da ya zo da shi ya hana ni taɓawa sai na goge hannu.

Na ce, "Tafiya za ka yi."

Bai ce a'a ba. Ya ce tun farkon mako ba wanda ya kawo masa ko cajar waya. Ya ce wani da suka yi rumfa tare yana Agadas, inda masu haƙar zinariya ke saukowa da wayoyi duk sun lalace, kuma wanda ke da kwamfuta shi ke samun babban aikin, na buɗe waya da sake mata manhaja. Ya ce ba daɗewa zai yi ba, da an buɗe boda zai dawo. Yana magana yana murza gefen tabarma. Na nemi fushi a jikina ban samu ba. Da wata mace ce ta ɗauke masa hankali da na san abin yi, littafi ya koya mini. Wannan kuwa ba wanda zan yi faɗa da shi.

Na ce, "To ka sayi na tsakiyan mana." Ban san ma me ya sa na faɗa ba.

"Ba ya shiga, Madam. Na gwada."

Ƙaramin akwatin ya iso a motar Kano, baƙi, ba gilashi ba fitila, jikinsa duk ƙananan huji, da ɗan mariƙi a sama. Ya haɗa shi a tsakar gida da hantsi, ni ina riƙe masa ƙananan kusoshi a murfin kwano. Wurin ya matse ƙwarai, yatsunsa ba sa kai wa wani lungu, sai ni na zura hannu na jona masa wayoyi biyu na ƙarshe. Ya ce, "Kin gani, da hannunki a ciki." Na ce na gani.

Da aka kawo wuta ya jona shi da talabijin ɗinmu. Motar wasan ta fito, titi ya miƙe, ruwa ya fara sauka a gilashi. Ya tuƙa a hankali, yana ba da hannu kafin ya sha kwana kamar da gaske. Fuskarsa ta koma ta yaro. Na jingina da kafaɗarsa yadda na tsara tun farko. Ba a jima ba fankar ta fara kuka kamar injin markaɗe, na taɓa saman akwatin na janye hannu.

"Na faɗa maka," na ce.

"Kin faɗa," ya ce, bai ɗauke ido daga titin ba.

A makon da ya biyo baya ya tafi. Da safe ɗan acaɓa ya zo, irin masu bin hanyar daji su ɓulla ta bayan shingen boda. Na dafa masa ƙwai, na ƙulla masa yaji da soyayyen nama. Ya goya jakar, ya gyara igiyoyinta, ya ce in yafe masa, in gaida su Inna. Na ce Allah ya tsare, Allah ya ba da abin da aka je nema. Duk abin da na faɗa ke nan. Na tsaya a zaure har ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan na shiga na wanke kofin da ya sha shayi.

An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa. Har yau yana Agadas. Aurenmu na nan, yana aiko da abin da ya samu, yana kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yana zuwa da babbar salla in hanya ta yi kyau, wata shekarar ba ta yi. Yanzu yana da shago nasa na bulo a bakin kasuwa. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito masa a gemu, idanunsa sun gaji da kallon ƙananan abubuwa har ya fara sa tabarau. Hausarsa ta ɗauko wasu kalmomi da sai na ce ya maimaita. Na taɓa cewa zan bi shi can, ya ce wurin bai dace da ni ba tukuna, yana neman gida mai ruwa. In na tambaye shi yaushe zai dawo gaba ɗaya, sai ya cire tabarau ya murza ido ya ce baɗi in Allah ya yarda, kuma na san lokacin da yake faɗa har zuciyarsa yake nufi.